Jarka, Bokiti da Icen Gora: Yadda Ake Haɗa wa Kaji Mazubin Ci da Sha a Gidan Haya

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Wannan karin magana ta adana mana yadda iyayenmu suke shayar da kaji tun tale-tale: a sami ɓarin tukunya, a kafa a inuwar rumbu, a zuba ruwa. Da safe a watsa tsaki ko dusa a ƙasa, sauran kuma kaza ta nema da ƙafarta. A ƙauye wannan yana yi, domin fili a wadace yake, ƙasa busasshiya ce, ga juji ga bakin gona ga gara.

To amma wanda fatauci ya kai shi Nima ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo a Kumasi, ko Briqueterie a Yawunde, ko unguwar Zango a Kwatano, ya san ba haka zaman yake ba. Ɗaki ɗaya ko biyu ne a gidan haya, tsakar gida ta kowa da kowa ce, ƙasan siminti, famfo ɗaya, maƙwabta kuma kowa da yarensa da al'adarsa. Duk da haka da wuya ka shiga zango ba ka ji cara ba. Kaza ita ce asusun uwargida. Ita ake yanka wa baƙon da ya zo daga gida, ita ake sayarwa ranar da yaro ya dawo da takardar kuɗin makaranta alhali maigida yana hanya, ƙwanta kuma shi ne karin kumallon yara.

A irin wannan ƙuntataccen wuri, yawancin asarar kaji daga kwanon ci da kwanon sha take farawa. Abinci ya zube, ɓera ya samu wurin zama. Ruwa ya gauraya da kashi, cuta ta zaga garke. Ƙasa ta jiƙe, wari ya tashi, mai gidan haya ya ce ko kaji ko ku. Maganin wannan ba ya buƙatar kayan kanti masu tsada. Jarkar da ta huje, bokitin bota da ya ƙare, da guntun icen gora sun isa, in an san yadda ake yanka su.

Lissafin farko

Ɗan kasuwa ba ya shiga harka sai ya buga lissafi, to bari mu buga. Babbar kaza mai yin ƙwai, in a kulle take ba ta fita kiwo, tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana. Kajin gida ƙanana ba su kai haka ba, amma mu ɗauki giram 120 don sauƙin lissafi. Kaji 10 ke nan kilo 1.2 a rana, kilo 36 a wata. A ce kashi ɗaya cikin huɗu ne ke zubewa saboda a faranti ake ba su, suna shiga da ƙafa suna tonawa: kilo 9 ya tafi a wata, kilo 108 a shekara. Buhu biyu ke nan masu kilo hamsin-hamsin da ɗoriya. Kowa ya auna da farashin masara a kasuwar garinsu, da sidi ko da sefa, zai ga ko ƙwai nawa ne kajin za su yi kafin su biya wannan ɓarnar.

Ruwa kuwa ya fi abinci gaggawa. Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, wato kimanin rubu'in lita a rana. In zafi ya tsananta, abin yakan ninka. Kaji 10 suna buƙatar lita biyu da rabi a ranar da gari ke da sanyi, lita 5 a ranar zafi. Dalili kuwa, kaza ba ta gumi. Zafin jikinta yana wajen digiri 41, kuma hanyar da take rage shi ita ce haki, baki buɗe, fuka-fuki a sake. Hakin nan ruwan jikinta yake ci. Sannan abin da ke cikin ƙwai, kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Kazar da ta wuni da ƙishirwa tana iya ɗaukar kwanaki ba ta koma yin ƙwai yadda ta saba ba. Sau da yawa in an ce kaza ta daina ƙwai ba dalili, a duba kwanon ruwa tukuna kafin a zargi ido ko bakin maƙwabta.

Kayan da za a ɗauka da wanda za a bari

A zango ba a rasa roba. Akwai jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, mai lita 20 ko 25, wadda a Gana ake wa laƙabi da galan ɗin Kufuor tun zamanin ƙarancin ruwan famfo a mulkinsa. Akwai bokitin bota da na mayonis da masu gidan burodi da masu shayi ke sayarwa, akwai babban gwangwanin tumatir da na madara, akwai baho da faranti. Duk abin da abincin mutum ya zauna a cikinsa ya dace da kaza, in an wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi har maiƙo ya fita.

Abin da ba a taɓawa ko kyauta aka bayar: robar maganin feshi na gona, ta maganin ƙwari, ta baƙin mai, ta ruwan batir, da bokitin fenti. Roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma abin da kaza ta sha yana iya biyo ƙwai da nama ya dawo tukunyarku. Gwangwanin da ya yi tsatsa shi ma a bar shi. Tsohuwar taya da ake tsagawa biyu a zuba ruwa, an saba ganinta, sai dai cikinta ba ya wankuwa, wayoyinta suna yankar ƙafa, kuma sauro na son ta. Amfanin taya shi ne a cika ta da yashi da toka a ajiye a inda ruwan sama ba ya taɓawa, kaji su yi birgima su kakkaɓe ƙwarkwata.

Kayan aiki kuwa ba su da yawa: ƙusa mai kauri da za a gasa a wuta, wuƙa mai kaifi, igiya ko waya, da noti mai dogon ƙarfe guda ɗaya. A yi hujin a waje, domin hayaƙin roba ba ya da kyau ga ƙirji, kuma babba ne zai riƙe ƙusar. Yara su auna, su yi alama da gawayi, su kankare bakin da aka yanka da dutse har ya daina kaifi.

Ruwan da ke zuba kansa

Mafi sauƙi shi ne gwangwani da faranti. A ɗauki babban gwangwanin tumatir, a huda ƙananan huji biyu a jikinsa, kamar santimita ɗaya da rabi daga buɗaɗɗen bakinsa. A cika shi da ruwa, a kifa faranti mai ɗan zurfi a kai, a riƙe da hannu biyu a juya da sauri. Ruwa zai fito ta hujin ya taru a faranti, da ya kai ya rufe hujin sai ya tsaya cak. Kaza ta sha, ruwa ya ragu, huji ya buɗe, iska ta shiga gwangwani, wani ruwan ya sauko. Ba sihiri ba ne: muddin iska ba ta sami hanyar shiga ba, ruwa ba zai fita ba. Sharaɗi ɗaya ne, bakin farantin ya fi hujin tsawo. In hujin ya fi shi, duk ruwan zai malale ƙasa.

Wannan ya ishi kaji uku zuwa huɗu, ko 'yan tsaki. In garke ya fi haka, jarka ce magani, kuma ita ba sai an kifa ta ba. A huda huji ɗaya kamar kaurin fensir a jikinta, santimita 3 daga ƙasa. A sami baho marar zurfi wanda ya ɗan fi gindin jarkar faɗi, yadda kan kaza zai shiga tsakani amma ƙafarta ba za ta sami wurin tsayawa ba. Wajen cikawa a toshe hujin da yatsa ko ɗan tsinke, a cika, a ɗaure murfi tamau, a ajiye cikin baho, sannan a cire toshiyar. Murfin shi ne komai. In yana shan iska ko kaɗan, kafin azahar jarkar ta tsiyaye. A shimfiɗa leda a bakin jarkar kafin a murɗa murfin, kuma a gwada ta dare guda kafin a dogara da ita. A ajiye ta a kan bulo, wuri ɗaya miƙaƙƙe ba karkace ba, kuma a inuwa. In rana ta buge ta, iskar da ke ciki tana kumbura ta tura ruwa waje ya ambaliya, ga shi kuma kaza ba ta son ruwan da ya yi zafi.

Wanda yake da ɗan hali, masu sayar da kayan kaji suna da wani ɗan bakin ƙarfe da ake kira nipul, a ƙasashen Faransanci kuma pipet. Ana huda gindin bokiti a ɗaura shi, a rataye bokitin, kaza ta taɓa ƙarfen da baki ruwa ya ɗiga. Guda ɗaya yana ɗaukar kaji 8 zuwa 10. Shi wannan akasin jarka ne: murfinsa yana buƙatar ɗan huji don iska ta shiga, in ba haka ba ruwan zai tsaya. A rataye shi yadda kaza za ta ɗan ɗaga kai kafin ta kai, a taɓa mata shi da yatsa ta ga ɗigon ruwa, kuma kada a ɗauke tsohon kwano sai an ga kowace ta koya. Ya fi kowanne tsabta, domin kashi da ƙura ba sa shiga. Illarsa ita ce ruwa mai laka yana toshe shi, don haka mai ɗiban ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ya tace da ƙyalle.

Ga 'yan tsaki kuwa, a kula ƙwarai. Ɗan tsako yana nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba, ko ya jiƙe sanyi ya kashe shi. A jera tsakuwa masu tsabta a cikin farantin, su sha ta tsakaninsu. Kwana 21 kaza ta yi tana kwanci, bai kamata a rasa 'ya'yanta a kwanon ruwa cikin minti biyu ba.

Mazubin abinci

Ƙa'idar mazubi ita ce kai ya shiga, ƙafa kada ta shiga. Bakinsa ya zo daidai da gadon bayan kaza in tana tsaye. In ya yi ƙasa, za ta tona ta watsar. In ya yi sama, ƙanana ba za su kai ba. Yayin da kaji ke girma sai a riƙa ɗaga shi, shi ya sa na ratayewa ya fi na ajiyewa.

Bokiti da baho: a yanka tagogi huɗu zuwa shida a kewayen gindin bokiti, kowace faɗin yatsa uku, tsawon yatsa biyu. A ɗora bokitin a tsakiyar baho, a huda su tare a ɗaure da noti. Tsakanin bokitin da bangon bahon kada ya wuce santimita 5 zuwa 6, kuma bangon bahon ya fi tagogin tsawo. A cikin bokitin a kifa mazurari ko ƙaramar ƙwarya, don abinci ya riƙa gangarowa wajen tagogi maimakon ya kwanta a tsakiya ya tsufa. A zuba abinci, a rufe, a rataye da igiya. Bokiti mai lita 10 yana ɗaukar abincin kaji 10 na kwanaki huɗu ko kusa da haka. In kaji suna hawa kan murfin suna kashi, a kifa masa mazurari babba ko a yi masa hular kwali mai tsini.

Icen gora: a kudancin Gana da Kamaru da Kwaddibuwa gora ba ta da tsada, wani wurin ma sara kawai ake yi. A zaɓi mai kauri, a yanka yadda gaɓa za ta toshe kowane ƙarshe, sannan a fere kashi ɗaya cikin uku na samanta. Kada a tsaga ta biyu daidai, domin leɓen nan da ya lanƙwaso ciki shi ne ke hana kaza shara abinci waje da baki. A kafa mata ƙafafu kada ta mirgina. A sama kuma a gicciya siririyar sanda a kan ƙusa biyu yadda za ta riƙa juyawa. Duk kazar da ta yi niyyar hawa sai sandar ta juya ta sauke ta. Kowace babbar kaza a ba ta wajen santimita 10 na tsawon mazubin. Gora mai tsawon mita ɗaya, in ana ci ta gefe biyu, ta ishi kaji 20. Kada a cika ta. Kashi ɗaya cikin uku na zurfinta ya isa, a ƙara in ya ƙare, domin cikakken mazubi shi ne mai zubewa.

Bututun roba: wanda tsakar gidansa ta yi ƙunci sosai, ya nemi guntun bututun masu aikin famfo mai inci 3 ko 4, tsawon mita ɗaya, da mahaɗin nan mai lanƙwasa da suke kira elbo. A ɗaure bututun a tsaye jikin bango ko akurki, lanƙwasar tana ƙasa bakinta na kallon sama kaɗan, a zuba abinci ta sama a rufe. Ba ya cin wuri, kuma da dare ana iya toshe bakinsa. Sai dai kaza ɗaya ko biyu ne ke ci a lokaci guda, don haka a yi biyu ko uku. Kuma ya fi dacewa da tsaki da hatsi. Garin abinci mai laushi yana dunƙulewa a ciki in iska tana da laima, sai a ga bututu cike, kaji kuwa na yunwa.

'Yan tsaki su ma suna da nasu. A makon farko murfin bokiti ko tiren ƙwai ya isa. Bayan nan matsalar ita ce manya suna cinye abincinsu, alhali su ne suka fi buƙatar mai gina jiki. A sami babban kwando mai faɗin saƙa, ko a kafa 'yan sanduna a kewaye da tazarar yatsa uku, a sa abincin ƙanana a ciki. Su za su shiga su fita, uwa da zakara kuwa sai kallo. Kwandon yana kuma ba su mafaka in shirwa ta kawo sura.

A gefe guda a ɗaure ɗan gwangwani biyu. Ɗaya na tsakuwa ƙanana, domin kaza ba ta da haƙori, da tsakuwar da ke cikin ƙundunta take niƙa hatsi, wadda kuma ke kan siminti ba ta da inda za ta tsinta. Na biyu na ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, ko ɓawon dodon-koɗi da na sauran halittun ruwa, waɗanda a bakin teku zubar da su ake yi. Kowane ɓawon ƙwai yana cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam daga jikin kaza. In ta rasa, ƙwai zai riƙa fitowa da laushi, wata ma ta koyi fasa ƙwanta tana sha.

Abin da ake zubawa

Ragowar tuwo, banku, kenke, shinkafa, da dusar koko duk abinci ne, amma kada a zuba su a mazubin busasshen abinci. A ware musu kwano daban, a ba su abin da za su cinye nan take, a ɗauke a wanke. Abu mai ɗanshi yana tsami cikin sa'o'i kaɗan. Masara ko gyaɗa ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kada a ce ai kaji ne, a ba su. Fumfunar tana haifar da guba mai suna afalatoksin, mai lalata hanta da rage ƙwai, kuma 'yan tsaki da 'yan agwagwa sun fi saurin mutuwa da ita. Waken suya sai an soya ko an dafa. Ɓawon rogo sai ya bushe ƙarau a rana, ɗanyensa yana da guba. Piya, wadda ke ko'ina a Gana da Kamaru, ba abincin tsuntsu ba ce, musamman ɓawonta da ƙwallonta da ganyenta. Abinci mai gishiri da yawa shi ma a kiyaye.

Wanda ke gefen gari zai iya aron dabarar manoman arewacin Gana da Togo da Burkina Faso: a cusa busasshen kashin shanu da karan dawa a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kifa a kan hanyar gara da yamma. Da safe a ɗauko a juye wa 'yan tsaki.

Kowane gari da damuwarsa

Abin da ya yi a Damagaram ba lallai ya yi a Duwala ba. Ruwan saman da ke sauka a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, na Damagaram kuwa yawanci ba ya kai 500. A bakin teku, abokin gaba shi ne laima. Mazubi ya kasance ƙarƙashin rufi, nesa da inda feshin ruwa ke kaiwa, kuma kada a zuba abincin da ya wuce na kwana biyu ko uku a damina. Buhun abinci a ɗora shi a kan katako, kada ya jingina da bango. Gora tana yin baƙi-baƙi a ciki, don haka a yi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana.

A Injamena da Garwa da Marwa kuwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, ruwa ne abin kula. A nan tukunyar ƙasa ta fi roba, domin tana tsatsafo, iska na busar da tsatsafon, ruwan ciki yana sanyi, kamar dai randa. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai jarka sai ya naɗe ta da buhun algarara ya riƙa jiƙa shi. A sauya ruwa da rana tsaka, a ba da abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, domin narkar da abinci shi ma yana ƙara wa kaza zafi.

Tsabta da rigakafi

Kwanon sha shi ne mahaɗar garke. Kaza ɗaya mai mura ta tsoma baki, sauran duk sun samu. Cutar Newcastle, mai sa kaji su riƙa haki da koren zawo da murɗewar wuya, wadda kan share unguwa guda musamman lokacin hunturu, ta majina da kashi take yaɗuwa. Cutar kashin jini kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙwayoyinta ke nuna, wato daidai gindin kwanon ruwan da ke zuba. Shi ya sa ake ɗora mazubin ruwa a kan bulo, a zuba tsakuwa ko yashi a ƙarƙashi.

Kullum a zubar da ruwan jiya a ɗauraye. Sau ɗaya a mako a goge da sabulu da soso har santsin nan ya fita, a jiƙa cikin ruwa mai ɗan bilic, wanda a ƙasashen Faransanci ake kira javel, a ɗauraye sosai a shanya a rana. Wankin mako yana kuma katse sauro, wanda ke buƙatar kamar kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai zuwa tashi. Soson kaji daban, na kwanukan gida daban, kuma kada a wanke kusa da randa ko madafi. Yaron da aka ɗora wa aikin ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci. Duk bokitin da ke da ruwa a rufe shi, saboda masu rarrafe.

Mazubi mai kyau ba ya maye gurbin rigakafi. Akwai maganin rigakafin Newcastle mai suna I-2, mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata 3 zuwa 4. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Najeriya da LANAVET ta Garwa a Kamaru suna cikin masu haɗa magungunan rigakafin kaji a yankinmu, kuma ofishin likitan dabbobi na garinku ne zai faɗa muku wanda ake samu. In wanda ake zubawa a ruwan sha aka ba ku, kada a yi amfani da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ko mazubin ƙarfe, ko wanda aka wanke da bilic a ranar, domin suna kashe maganin. A ɗauke ruwa awa ɗaya ko biyu tukuna, don su shanye da wuri.

Mazubi mai murfi a ƙarƙashin rufi yana kuma hana tsuntsayen waje ci da sha tare da kaji. Masu shekaru ba su manta da 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna, sannan a Magarya da Marwa, a shekarar da ta biyo baya kuma ta isa Gana. Agwagwa a ware mata nata ruwan, domin tana wanka a ciki, kuma tana iya ɗauke da cuta ba ta nuna alama ba. In kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ma'aikatan dabbobi.

In tafiya ta kama

Gidan ɗan kasuwa ba ya rabuwa da tafiya. Yau maigida ya bi mota saro kaya, gobe uwargida ta tafi biki ko ta'aziyya gida. Jarka mai lita 20 za ta riƙe kaji 10 kwana 4 a lokacin zafi, bokitin abinci ma kusan haka. Amma kada a jingina da wannan lissafin kaɗai. Murfi yana iya sakin iska, akuyar maƙwabta tana iya turewa, huji yana iya toshewa. A bar mazubin ruwa biyu a wurare daban-daban, a kuma roƙi wani ya leƙa safe da yamma. Ƙwan da aka samu a kwanakin a bar masa, an biya ladan aiki ke nan, an kuma ƙara danƙon maƙwabtaka.

In aka dawo da sabuwar kaza, ta kasuwa ce ko tsarabar dangi, kada a sake ta cikin garke. Ta yi mako biyu a keɓe da nata kwanon ci da na sha, a kuma riƙa duba ta bayan an gama da sauran. Takalmin da aka shiga kasuwar kaji da shi kada ya shiga akurki.

Maganar ɓera kuwa, ita ce ta fi haɗa mai kaji faɗa da mutanen gida. Kaji ba sa ci a duhu, don haka abincin da ya kwana a waje na ɓera da gafiya ne. Da magariba a sauke mazubi a sa cikin durom ko babban bokiti mai murfi, a share abin da ya zube. In dole sai an bar shi a rataye, a zura igiyar ta tsakiyar murfin tukunya ko robar ruwa, yadda ɓeran da ya biyo igiya zai zame.

Wanda bai taɓa yi ba, ya fara da ruwa a wannan makon: jarka ɗaya, baho ɗaya, bulo biyu. Mako mai zuwa ya haɗa na abinci, ya auna da mudu ko olonka abin da yake zubawa kullum, ya rubuta a bayan littafin bashi. Bayan wata guda ya kwatanta da abin da yake kashewa a da, ya kuma ƙirga ƙwai. Allah ya sa wa kiwo albarka, ya tsare mana na gida da na hanya.